Filin Masu Karatu: Yaƙin Maldon a Bisa Tebur

Wasiƙun wannan karon kusan duk hanya ɗaya suka bi, wato yadda ake sake kafa yaƙin Maldon a bisa tebur da 'yan ƙananan mayaƙa na roba ko na itace. Ga wanda bai san labarin ba, ga shi a gurguje. A watan Agusta na 991, zamanin Sarki Etelred na Ingila, maharan teku na ƙasashen Denmak da Norwe, waɗanda ake kira Baikin, suka sauka a tsibirin Northey da ke bakin kogin Blackwater a lardin Essex. Kundin tarihin Ingila na wancan zamani ya ce da jirage 93 suka zo. Mai riƙe da lardin, wani dattijo mai furfura da ake rubuta sunansa Byrhtnoth, a faɗe shi Biritnot, ya tare su daga tudu. Tsakanin tsibirin da tudu akwai siririn mashigi da ruwa ke shanyewa in teku ta cika, ya bayyana in ta janye. Da Baikinawa suka ga ƙarfi ba zai ƙetarar da su ba, sai suka nemi a ba su hanya su haye a gwabza a fili. Ya ba su. Aka kashe shi, aka ci rundunarsa, daga baya aka biya maharan fam 10,000 don su ɗaga. Yawancin bayanin ya fito ne daga wata tsohuwar waƙa da kimanin layi 325 nata suka tsira.

Tambaya daga wata ɗaliba a Gusau: Wane girma zan nema, kuma mutum nawa? A hotuna na ga ana jera ɗaruruwa, ni ko aljihuna bai kai nan ba.

'Yar'uwa, girma uku aka fi amfani da su: milimita 28, milimita 15, da ma'aunin 1/72, inda mutum ke tashi kimanin santimita biyu da rabi. Masu milimita 28, irin na kamfanonin Victrix da Gripping Beast, sun fi kyan gani, amma a warwatse suke zuwa, sai an haɗa hannu da kai da garkuwa, ga tsada, ga cin wuri. Mu 1/72 muke ba mai farawa shawara. Zvezda da Emhar suna yin su, kuma kwali ɗaya yakan ɗauki mutum 40 zuwa 50.

Ba ɗaiɗai ake motsa su ba. Yanko alluna na siririn filawud, faɗi santimita 6, zurfi 4, ki manna mayaƙa a kai sahu biyu. Ɓangaren Ingila alluna goma: uku na yaran gidan Biritnot, mutum takwas-takwas a matse, shida na mayaƙan gayya, wato mutanen lardi da aka kira, shida-shida, ɗaya na 'yan baka uku. Jimla 63. Baikinawa ma goma: huɗu na zarata, takwas-takwas, biyar na gama-gari, shida-shida, ɗaya na 'yan baka uku, jimla 65. Sai shugabanni biyu, kowa a kan wosha tasa. Wannan rabo na wasa ne, an yi shi don kada a san maci tuwo tun miya ba ta ƙare ba. Kwali uku sun isa in an yi tsimi, domin shigar ɓangarorin biyu kusan ɗaya ce, ana iya cike giɓin wannan da rarar wancan.

In odar ta gagara, a ƙera. Gangar jiki: zagayayyen itace mai kaurin milimita 6, tsawon santimita 2. Kai: dutsen ado na milimita 5. Garkuwar zamanin faɗinta santimita 80 zuwa 90 ne, a wannan ma'auni ta koma milimita 12. Abin huda takarda na ofis ya yi ƙanƙanta, rabin haka yake bayarwa. Ki je wajen dukawa su buga miki da ƙarfen huda fata a kan kwali mai kauri, ki ɗiga gam a tsakiya ya zama cibiyar ƙarfe. Mashi kuma waya ce ta santimita 3 zuwa 3 da rabi, a daddale bakinta da guduma a goge da zarto. Kada ki yi da yumɓu ɗanye, ƙafafu ke fara karyewa tun kafin a gama fenti.

Tambaya daga wani malamin tarihi a Argungu: Sau uku ina gwadawa da ɗalibai. Kullum mai riƙe da Ingila sai ya toshe bakin mashigi ya miƙe ƙafa, Baikinawa su yi ta zuwa ɗaya-ɗaya ana gamawa da su. Ba wanda ya yarda ya buɗe hanya kamar Biritnot. Ina kuskuren?

Malam, ɗalibanka sun yi daidai, dokarka ce ta gaza. Ka ba su wasan da zama shi ne riba, ka kuma so su tashi. Wannan ita ce babbar matsalar Maldon a tebur, kuma gyaranta ba a fenti yake ba, a lissafin nasara yake.

Mu fara da dokar karo. Idan allo biyu suka haɗu gaba da gaba, kowa ya jefa dayis ɗaya irin na ludo. Ya ƙara 1 kan kowane allo nasa da ke manne da shi a gefe, matuƙar gabansu a layi ɗaya yake. Ya ƙara 1 in zarata ne ko yaran gida. Ya ƙara 1 in shugaba na tare da su. Wanda aka fi da 1 ko 2 ya ja baya santimita 2. Wanda aka fi da 3 ko sama ya ɗauki rauni, a ajiye ƙwayar wake a bayan allon. Wake biyu, a ɗauke allon gayya ko na gama-gari. Na zarata sai uku. Tafiya santimita 8 a kowane zagayen wasa in ana jere, 12 in allo shi kaɗai ne. Kibiya na kai wa santimita 25, kuma sai 6 ta fito take yin rauni.

Duba abin da wannan ke haifarwa a bakin mashigi. Allon Baikin ɗaya ne kaɗai ke iya fitowa, ya tarar da uku a jere, don haka an riga an fi shi da 2. A cikin yanayi 36 da dayis biyu ke iya faɗuwa, 15 rauni ne gare shi, ɗaya tak rauni ne ga na Ingila. Haka kuwa waƙar ta nuna: mutum uku, Wulfstan da Alfere da Makkus, su suka tsare mashigin aka kasa ture su. To mai hankali ba zai bar irin wannan wuri a banza ba.

Abin da aka manta a saka shi ne jirage. Baikinawa ba kewaye su aka yi ba. In sun gaji sai su shiga jiragensu su faɗa wa wani garin, kamar yadda suka yi wa Ipswich kafin su iso nan. Masana da dama na ganin wannan ne ya sa dattijon ya zaɓi a yi ta ta ƙare yau, ko da yake mai waƙar ya ɗora abin a kan wata kalma, ofermod, da ake ta ja-in-ja a kanta: wasu su ce girman kai, wasu su ce jarunta da ta wuce kima. Ka mayar da wannan lissafi. Kowane allon abokin gaba da aka ɗauke maki 1, shugaba maki 2. Zagaye na 1 da na 2 teku a cike take, a rufe mashigi da tsumma, 'yan baka kaɗai ke aiki. Daga na 3 a yaye tsumman. In har ƙarshen zagaye na 6 ba a buɗe hanya ba, Baikinawa na da ikon shiga jirgi su tafi da maki 3. Yanzu mai toshewa ya san zaman nasa faɗuwa ce a hankali.

In ya amince ya buɗe hanya, zai ja da baya santimita 30 daga gaɓa, Baikinawa su riƙa hayewa alluna huɗu a kowane zagaye. Yana iya saɓa alkawari ya afka musu rabinsu na kan ruwa, amma a cire masa maki 2, kuma ƙarin shugabansa ya faɗi har ƙarshen wasa. Ka bar wannan ƙofa a buɗe, a nan muhawarar aji take yin daɗi.

A fili kuma abin kallo shi ne yadda ganuwar garkuwa ke warwarewa. Layi biyu daidai wa daida, rauni na fitowa sau ɗaya cikin uku. Amma allo ɗaya ya ja baya santimita 2, maƙwabtansa biyu sun rasa tallafi, sai ɓaraka ta bi layi kamar ɗinkin da zare ɗaya ya tsinke. Dawo da allo cikin sahu na cinye tafiyarsa ta wannan zagaye.

Saura mutuwar shugaba. Duk lokacin da allon da Biritnot ke ciki ya ɗauki rauni, a jefa dayis. In 1 ta fito, ya faɗi. Nan take kowane allon gayya ya jefa, 1 zuwa 3 ya tsere. Dalili na cikin waƙar: wani Godric ya haye dokin ubangidansa ya gudu, jama'a suka zaci Biritnot ne da kansa, sahu ya watse. Yaran gida kuwa ba su jefawa. Su da suka ci tuwonsa suka karɓi kyautarsa, a ƙara musu 1, amma daga nan ba su ja da baya. Inda doka ta ce a ja, su ɗauki rauni.

Tambaya daga wani kafinta a Jega: An ba ni aikin teburin. Na farko da na yi ya lanƙwashe kamar kwale-kwale, sosan da na yi tudu da shi kuma ya narke.

Maigida, daga faifan filawud mai ƙafa 4 da 8 ka yanko ƙafa 4 da 3, kaurin rabin inci, ka buga masa firam a ƙasa. Lanƙwasar ta zo ne don fuska ɗaya ta sha gam da fenti ta kumbura, ɗayar a bushe. Shafe duka biyun da bakin gefe kafin komai. A tsawon santimita 120 ɗin, ba tsibiri 30, ruwa 20, tudu 70. Mashigi faɗin santimita 7, allo ɗaya ya wuce, biyu su kasa. In ka ƙara ko kaɗan, ka rushe duk abin da muka gaya wa Malam na Argungu.

Farin soson da ke zuwa a kwalin firiji yana yin tudu, amma sholisho da fentin feshi suna cinye shi. Top Bond kaɗai za ka sa, sa'an nan ka rufe shi da haɗin gam, fentin bango na ruwa da yashi. Kada tudun ya wuce santimita 1 ko 2. Bakin Blackwater shimfiɗaɗɗiyar ƙasa ce mai taɓo, ta fi kama da fadama da ruwa ya fara janyewa. Yashin gulbi a tankaɗe shi da rariya, a wanke, a soya a tsohon kasko ya bushe sarai. Ciyawa kuma garin katako ne: gwangwanin madara ɗaya na koren fenti, biyu na ruwa, a yi ta zuba gari har ya shanye, a baza a buhu cikin inuwa, a murje. Yi kala biyu, mai duhu da mai haske, ka barbaɗa a cakuɗe. Agusta ne, ƙasa kore shar.

Ruwan kada ya zama shuɗi. Toka-toka mai ratsin kore a tsakiya, ruwan ƙasa a gaɓa, sai Top Bond siriri sau uku, kowane ya bushe ya yi garau kafin na gaba. In ka kwarara da kauri, sama za ta bushe cikin ya zauna fari kamar nono. Kada ka kusanci kullun rogo ko na fulawa, gayyatar kyankyasai da gara ce. Jirgi biyu na kwali sun isa ado. Wanda aka tono a Gokstad ta Norwe tsawonsa ya haura mita 23, faɗinsa kamar 5, wato a tebur santimita 33 da 7.

Tambaya daga Ƙauran Namoda: Fentin da na shafa mako biyu ke nan yana danƙo, na kan masu kuma ɓarewa yake kamar ɓawon gyaɗa.

Ɗan'uwa, fentin mai ka sa wa roba mai laushi. Ba ya bushewa a kanta; jira ba zai yi magani ba. Kankare shi da tsohon buroshin haƙori ka sake. A wanke mayaƙan da ruwan ɗumi da Omo, don akwai maiƙon masana'anta a jikinsu. Mashin da ya karkace a tsoma a ruwan zafi, a miƙe, a jefa cikin na sanyi. Sai shafe na farko: Top Bond kashi ɗaya, ruwa kashi biyu, siriri. Shi ke zama fatar da ke lanƙwasa tare da robar. A kansa a sa fentin akirilik na masu zane, a rufe da wani shafen gam ɗin ko banish marar ƙyalli. Sufa gulu ma ba ta kama irin wannan roba. Huda da allura mai zafi ka soka 'yar waya.

Yanayinmu na da nasa sharrin. Da hunturu fenti na bushewa a bakin buroshi: jiƙa tishu a robar abinci, shimfiɗa takardar gashin kek a kai, ka dama fentin a nan, ka kuma kife kwano a kan duk abin da bai bushe ba saboda ƙura. Da damina banish na feshi yakan yi hazo fari, a jira rana mai iska. Da bazara kada a bar su cikin mota ko dab da rufin kwano.

Sulke shi ya fi sauƙi: baƙi tukuna, in ya bushe a goga bakin fensir a kai, zoben su fito da ƙyalli daidai misali. Wanda ya taɓa tsayawa kusa da mai sulke a hawan salla ya san ba fari fat yake ba.

Tambaya daga Yawuri: Nawa sun zo da ƙaho a kwalkwali. Kuma yaya zan bambanta ɓangarorin?

Yanke ƙahon da reza. Masu wasan dandamali na ƙarni na 19 suka yaɗa shi; kwalkwalin da aka tono a Gjermundbu ta Norwe a 1943 ba shi da ko alamarsa. Doguwar garkuwa mai tsini a ƙasa ma ajiye ta, ta zamanin 1066 ce. A Maldon zagayayyiya ce, kuma mashi ne makamin yawancin mutane. Takobi da sulke na masu hali ne. Dawaki kada su shiga sahu. Waƙar ta buɗe ne da Biritnot yana umartar a kore su, har wani saurayi ya saki shahonsa ya tashi zuwa kurmi don a san ba wasa ya zo ba.

Tufafi na ulu ne da lilin: ruwan ƙasa, toka, ja mai dishi-dishi, rawaya, da shuɗi daga wani ganye mai ba da shuni irin na babanmu. Ka kashe kaifin kowace kala da ɗigon ruwan ƙasa. Garkuwoyin jirgin Gokstad rawaya da baƙi ne, ɗaya bayan ɗaya, sai ka ba Baikinawa waɗannan, da tuta mai hankaka, wadda kundin Ingila ya ambata tun 878. Amma abin da ke raba gardama a tsakiyar wasa shi ne bakin allo: ja ga Ingila, baƙi ga Baikin. Shi dattijon ba ya ɓata, farin kai da takobi mai ƙotar zinariya.

Tambaya daga wata uwa a Birnin Kebbi: Yarana na so, amma zuciyata ba ta kwanta da mutum-mutumi da dayis a gida ba.

Hajiya, hukuncin sura da na dayis na malamai ne, su za a nufa da shi. Namu shi ne mu ce wasan bai rataya a kan ko ɗaya ba. Kafinta ya yanko guntayen katako 6 da 4 da 2, a manna garkuwa huɗu a fuskar gaba, a huda sama a kakkafa masu. Daga nesa ganuwar ta fi fitowa ma, kuma babu fuska babu jiki. A madadin dayis, kowane yaro ya riƙe takardu shida masu lamba 1 zuwa 6. A kowane karo ya zaɓi ɗaya ya kife, a buɗe tare, kuma wadda aka yi amfani da ita ba ta dawowa hannu sai shidan sun ƙare. Kibiya da gudun gayya da faɗuwar shugaba kuwa, abokin wasa ya zaro ɗaya a kife daga wasu shida na daban. Sa'a ta ragu ƙwarai, abin ya koma tuna me abokinka ya riga ya kashe, kusa da dara.

Tambaya daga Zuru: In an gaji da Maldon, sai a sayi wasu?

A'a, ƙane. Da su za ka yi yaƙin gadar Stamford na 25 ga Satumba 1066, inda Sarki Harold na Ingila ya yi wa Harald Hardrada na Norwe ba-zata a kogin Derwent kusa da York. Ɗora gada a kan mashigin, tsibirin ya zama gaɓar da 'yan Ingila ke fitowa. Da yawan mutanen Norwe sun baro sulkensu a jirage a Riccall, don haka cire wa zaratansu ƙarin 1. Ware alluna uku a matsayin ɗaukin da ya taso daga jiragen. Daga zagaye na 5 a riƙa jefawa, 5 ko 6 su shigo, da sulkensu amma da wake ɗaya kowanne saboda gajiyar gudu. Mutum ɗaya a kan wosha ya tsare gadar, kamar yadda labari ya zo, a ba shi ƙarin 2 har sai ya ɗauki rauni na farko. A nan dogayen garkuwoyin da muka ce a ajiye, da gatura masu doguwar ƙota, za su yi amfani, a hannun yaran gidan Harold. A kwana da sanin cewa kafa wasan ya karkata ga Ingila, don haka mai Norwe ya ci in ya kai zagaye na 12 da alluna huɗu a tsaye. A zahiri, cikin jirage kusan 300 da suka zo, 24 suka ishi waɗanda suka tsira komawa gida.